Imel Mai Sunan Kamfaninka Ba Tare da Biyan Wata-wata Ba: Yadda Ake Aunawa Kafin a Zaɓa

Wani Alhaji mai harkar awon kaya zuwa Kano, ofishinsa na ta wajen Bab Sharif a nan Jidda, ya kira ni wata ranar Laraba bayan la'asar. Ina zama ya miƙo mini katinsa na kasuwanci, kati mai kauri, da ruwan zinare a gefe, sunan kamfani da Larabci da Turanci. Can ƙasa sai ga adireshin imel: sunansa, shekarar haihuwarsa, wasu lambobi uku da shi kansa bai san daga ina suka fito ba, sannan gmail.com. Ya ce, "Malam, kamfanin jirgin da muke neman su rage mana farashi sun ce mu aiko da takarda ta imel ɗin kamfani. To wannan na waye, in ba na kamfani ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan na Google ne, aron ɗaki suka ba ka." Abin da suke so su gani shi ne sunan kamfanin bayan alamar @, ta yadda duk wanda ya karɓi saƙon zai san daga gidan da ya fito. Ya ce yaronsa ya gaya masa ana samu kyauta. Gaskiya ne, ana samu. Sai dai kyautar iri-iri ce, kowace da inda take ciwo, kuma na lura yawancin mutanenmu sai sun yi wata biyu suna amfani da ita kafin su gano ciwon. Karɓar saƙo kyauta abu ne mai sauƙi. Aikawa da saƙon, ya isa akwatin mutum bai faɗa kwandon tarkace ba, nan ne aikin yake.

Mataki na farko: domen, kuma da sunanka

Domen shi ne sunan da ke bayan @, misali sunankamfaninka.com. Wannan kam sai an biya. Na .com yana kamawa tsakanin dala 10 zuwa 15 a shekara, wato wajen riyal 40 zuwa 55 tunda dala tana kan riyal 3.75. Ka lura da farashin sabuntawa, don masu sayarwa sukan karya farashin shekarar farko su rama a ta biyu. Idan ka ji wani yana maganar domen kyauta irin su .tk da .ml da .ga, labarin ya wuce: Freenom da ke raba su ta daina rajista tun 2023, kuma ko lokacin da ake bayarwa masu tace saƙonni kallon 'yan damfara suke yi wa irin waɗannan sunaye.

Mazaunin Saudiyya yana da zaɓi uku da suka fi dacewa da shi. Akwai .com da kowa ya sani. Akwai .sa da .com.sa waɗanda SaudiNIC ke kula da su a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasar, ana saye ta hannun dillalai masu lasisi, kuma za a nemi shaidar alaƙarka da ƙasar, na kamfani kuwa sijilli, wato takardar rajistar kasuwanci. Akwai kuma .ng da .com.ng na Najeriya a hannun NiRA, ƙungiyar da ke kula da domen ɗin ƙasar, masu kyau ga wanda abokan cinikinsa duk suna Kano da Kaduna da Sakkwato. Wanda harkarsa ke da ƙafa ɗaya a nan ɗaya a gida, ni .com nake ba shi shawara, don ba ta ɗaure da igama (takardar izinin zama a Saudiyya) ko sijillin kowa, duk inda ka koma tana biye da kai.

Abin da ya fi zaɓin suna muhimmanci shi ne wanda aka yi rajistar da bayanansa. Na taɓa ganin shagon turare da jallabiya a Makka da imel ɗinsu ya tsaya cak ana saura mako uku azumi. Da muka bincika, ashe yaron shago ne ya sayi domen ɗin shekaru biyu baya, da imel ɗinsa na kansa da layin wayarsa. Yaro ya yi fitar ƙarshe ya koma gida, layin da ke ɗaure da igamarsa ya mutu, saƙonnin tunatarwa na sabuntawa suna ta zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Sai da aka yi kwana huɗu ana cigiyarsa ta wajen ƙanin mahaifiyarsa kafin aka same shi. Domen in ya ƙare akan ba da 'yan kwanaki na alfarma, daga nan ya shiga kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, bayan haka kowa na iya sayensa, har da saƙonnin da za a ci gaba da aiko maka.

Saboda haka mai kamfani ya zauna da kansa a yi rajistar a gabansa. Imel ɗin da za a sa a asusun ya zama wanda ba ya kan wannan domen ɗin, don in domen ya faɗi kada makullin ya zama yana cikin ɗakin da aka kulle. A kunna sabuntawa ta kai-tsaye, a kuma duba cewa katin bankin da aka sa yana karɓar biyan ƙasashen waje kuma bai kusa ƙarewa ba. Tabbatarwa mai mataki biyu a yi ta da manhajar da ke fitar da lambobi, a buga lambobin ko-ta-kwana a takarda a ajiye tare da fasfo. Layin waya a ƙasar nan aro ne, ranar da zamanka ya ƙare shi ma ya ƙare.

Kafin ka amince da kalmar kyauta

Google ta taɓa ba da imel mai domen kyauta, ta rufe ƙofar ga sababbin shiga a Disamban 2012, sannan a 2022 ta nemi tsofaffin da ke kasuwanci da shi su koma biya. Microsoft ta rufe nata a 2014. Yandex ta Rasha, wadda mutane da yawa suka gudu wajenta bayan haka, ta mayar da nata na kuɗi a 2023. Duk wanda ya bi wannan tarihin ya san kyautar yau ba alkawarin gobe ba ce. Abin da zai sa hankalinka ya kwanta shi ne domen naka ne: ranar da mai masauki ya ce a biya ko a tashi, 'yan layuka za ka canza a saitin domen ɗin ka koma wani gida, adireshinka na nan yadda yake a kan kati da allon shago.

Yanzu ka ɗauki takarda ka amsa wa kanka wasu tambayoyi. Mutum nawa ne ke bukatar akwati nasa na kansa, da kalmar sirrinsa? Wannan daban yake da yawan adireshi, don mutum ɗaya na iya riƙe adireshi goma a matsayin laƙabi, duk suna zuba a akwati ɗaya. Saƙo nawa kuke aikawa a rana, goma ko ɗari uku? Akwai wanda ya saba da Outlook a kwamfuta ko manhajar Mail ta iPhone har ba zai iya rabuwa da ita ba? Sannan wane irin kaya ke yawo a cikin saƙonnin? Masu jirgin yawo da ke karɓar hotunan fasfo ɗin maniyyata Umara ba daidai suke da ƙungiyar ɗalibai da ke aika sanarwar taro ba. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki gadan-gadan a Satumban 2024, kuma ko babu doka, fasfo ɗin mutum amana ce.

Amsoshin nan su za su kai ka ɗaya daga hanyoyi biyu.

Hanya ta ɗaya: akwati na gaske a Zoho Mail

Zoho kamfanin Indiya ne, kuma cikin manyan shi ne ya rage yana ba da akwati cikakke kyauta a kan domen ɗinka. Tsarin kyautar yana ɗaukar mutum 5, kowa da gigabait 5, domen ɗaya tak. Abin da suka cire shi ne IMAP da POP, wato hanyoyin da wata manhaja ke bi ta ɗebo saƙonninka. Ma'ana ba za ka haɗa shi da Outlook ko manhajar Gmail ba, sai dai ka buɗe a burauza ko ka sauke manhajar Zoho Mail a waya. Ga wanda bai saba da komai ba wannan ba matsala ba ce. Ga dattijon da ya yi shekara goma yana danna jan ambulan ɗin Gmail, za ka sha kira.

Tsarin kyautar ba ya cikin manyan akwatunan farashi, yana can ƙasan shafin sai ka gangara, kuma ba a kowane yanki yake bayyana ba. Zoho tana ajiye asusu a cibiyar da ta dace da ƙasar da ka yi rajista, ta kuma buɗe cibiyoyi a Riyad da Jidda a 2024. Don haka ka fara tabbatar da ka ga tsarin kyautar da idonka a shafin rajista kafin ka taɓa komai a domen ɗinka.

In ka samu, ga yadda ake yi. Ka shigar da domen ɗin, za su ba ka wani dogon rubutu na shaida. Ka je wurin da ka sayi domen, ka buɗe shafin DNS, wato littafin da ke gaya wa duniya inda kowane abu na domen ɗinka yake, ka ƙara layi irin TXT ka manna rubutun. Ka dawo ka danna tabbatarwa. In bai karɓa ba ka sha shayi ka dawo, wani lokaci minti biyar ne, wani lokaci awa ɗaya ko fiye. Daga nan ka buɗe akwatin farko, shi ne na shugaba mai iko da sauran, don haka na mai kamfani ne. Sai sauran akwatunan, sai laƙabai irin su info@ da hisabi@.

Sai layukan MX, waɗanda ke cewa ga gidan da za a kai wasiƙa. Ka goge duk tsofaffin MX da ka tarar, musamman waɗanda mai sayar da domen ya sa da kansa. Na Zoho uku ne, masu lambar fifiko 10 da 20 da 50, kuma ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa. A asusun da ke cibiyar Amurka sunayensu mx.zoho.com da mx2.zoho.com da mx3.zoho.com, amma ƙarshen sunan yana canzawa da yanki. Kada ka kwafa daga wani bidiyo ko daga wannan rubutun, ka kwafi abin da shafinka ya nuna maka. Daga nan SPF da DKIM, waɗanda zan zo kansu.

Hanya ta biyu: a miƙa saƙon zuwa Gmail ɗin da ka saba

A nan babu sabon akwati. Wani ne ke tsaye a ƙofar domen ɗinka, duk wasiƙar da ta zo ya karɓa ya miƙa ta akwatinka na da. Wanda na fi amfani da shi shi ne Email Routing na Cloudflare, kyauta ne, yana ɗaukar adireshi har 200. Sharaɗinsa shi ne littafin DNS ɗinka ya koma hannunsu. Ka buɗe asusu, ka ƙara domen a tsarin kyauta, za su ba ka sunaye biyu na sabar suna, wato kwamfutocin da ke riƙe da littafin DNS, ka je wurin mai sayar da domen ka maye gurbin nasa da su. Kafin ka yi haka ka ɗauki hoton duk layukan da ke tsohon littafin, ka gwada da waɗanda Cloudflare ta kwafo, musamman in kana da shafin intanet a kan domen ɗin. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Bayan ya kama, ka shiga sashen imel, ka sa adireshin Gmail da za a riƙa miƙa wa saƙo, ka buɗe Gmail ɗin ka danna mahaɗin tabbatarwa. Sai ka ƙirƙiri adireshin kamfani ka haɗa su. Layukan MX da SPF Cloudflare za ta nuna maka su ta kuma sa su da dannawa ɗaya. Akwai wani maɓalli na kama-duka, wanda ke karɓar saƙo ko da an yi kuskuren rubuta abin da ke gaban @. Yana da amfani ga mutanenmu da ake yi wa karatun adireshi ta waya cikin hayaniyar kasuwa, amma yana jawo tarkace, ka kunna ka gani, in ya dame ka ka kashe.

Wanda ba ya son matsar da DNS ɗinsa yana iya duba ImprovMX: layin MX biyu da SPF ɗaya, domen ɗaya da laƙabi 25 a tsarin kyauta. Akwai kuma Forward Email, sai dai a tsarinsu na kyauta a cikin DNS ake rubuta inda saƙon zai je, kuma DNS littafi ne da kowa ke iya buɗewa.

To an gama da karɓa. Yanzu in ka danna amsa, da wane suna saƙon zai fita? Da tsohon Gmail ɗinka mai shekarar haihuwa, wato an koma gidan jiya. Gyaran yana cikin saitin Gmail, kuma sai a kwamfuta ko burauza, manhajar waya ba ta da wurin. Ka shiga "Accounts and Import", ka nemi "Send mail as", ka ƙara adireshin kamfani. Zai tambaye ka sabar SMTP, wato gidan wayar da zai ɗauki saƙonka ya fitar.

Nan mutane ke rabuwa biyu. Mafi yawa sukan sa smtp.gmail.com da kalmar sirri ta manhaja, wadda Google ke bayarwa bayan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Yana aiki, kuma minti biyar ya isa. Illarsa ita ce saƙon zai fita da sunan domen ɗinka a fuska amma hatimin da ke jikinsa na Gmail ne. Wasu masu karɓa za su nuna cewa ta hannun gmail.com ya biyo, wasu su jefa shi kwandon tarkace, musamman manyan kamfanoni masu tsauraran matatai, waɗanda kuma su ne dalilin da ya sa ka nemi imel ɗin tun farko. Ni ba na sa wa ɗan kasuwa wannan.

Abin da ya fi shi ne ka nemi mai aikawa na daban wanda zai buga hatimin domen ɗinka. Brevo, wadda a da ake kira Sendinblue, tana ba da saƙo 300 a rana kyauta. SMTP2GO tana ba da 1,000 a wata. Ka buɗe asusu, ka ƙara domen, su ba ka layuka biyu ko uku ka sa a DNS, su tabbatar, sannan su ba ka sunan saba da sunan shiga da kalmar sirri. Waɗannan za ka zuba a Gmail, ƙofa 587, da TLS. Gmail zai aika lambar tabbatarwa zuwa adireshin kamfani, ita kuma ta zagayo ta faɗo akwatinka tunda an riga an haɗa miƙawa. Kada ka tashi sai ka zaɓi cewa a riƙa amsawa da adireshin da aka aiko wa saƙon. Daga nan ko a waya za ka ga sunayen biyu a wurin mai aikawa.

Ka ga yanzu gidaje uku ke riƙe da imel ɗinka: mai karɓa, mai ajiya, mai aikawa. Kowannensu na iya canza sharaɗi ba tare da ya shawarci sauran ba, kamar yadda SendGrid ta janye tsarinta na kyauta a 2025. Ajiyar kuma gigabait 15 ce da Gmail ke rabawa da Drive da Photos, in hotunan ɗawafi da bidiyon biki suka cika ta, saƙon kasuwanci ma ba zai shigo ba. Sannan in ma'aikaci ne ake miƙa wa saƙo a Gmail ɗinsa na kansa, ranar da ya bar aiki ya tafi da duk tarihin cinikin a aljihu. Hanyar nan ta mutum ɗaya ce, ko biyu da suka yarda da juna.

Hatimai uku

Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta: duk mai aiko musu da saƙo sai ya kasance da SPF ko DKIM, mai aika 5,000 a rana kuma sai ya haɗa duka da DMARC. Kai ba za ka kai wannan adadin ba, amma ka sa ukun, aikin rabin awa ne.

SPF jerin sunayen waɗanda ka yarda su aika saƙo da sunanka ne. Layin TXT ne da ke farawa da v=spf1, sai include: da sunan kowane mai aikawa, ya ƙare da ~all. Ƙa'idarsa guda: layi ɗaya tak a domen. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin. Na haɗa wa wata ƙungiyar ɗalibai a Madina imel, na sa SPF na mai karɓa, washegari na ƙara na mai aikawa a layi na biyu, na tafi ina jin na gama aiki. Mako guda sakatarensu na aika takardun neman tallafi ba amsa. Da na buɗe bayanan da ke ɓoye a kan saƙon sai ga kalmar permerror, wato SPF ɗin ya lalace, tana kallona. Layi biyu a wajen masu tacewa daidai yake da babu. Haɗe su ake yi, include biyu a jere cikin layi ɗaya, kuma kada jimillar binciken DNS da layin ke jawowa ta wuce 10.

DKIM shi ne hatimin. Mai aikawa yana sa hannu a kowane saƙo da makulli na sirri, kai kuma ka ajiye abokin makullin a DNS don mai karɓa ya gwada. Rubutun dogo ne ƙwarai, kwafe shi ake yi, kada a bar sarari ko a yanke wutsiyarsa. A Zoho bayan ka sa layin sai ka koma ka tabbatar ka kuma kunna shi, mutane da yawa a nan suke mantuwa.

DMARC umarni ne ga mai karɓa: in saƙo ya zo da sunana amma hatiman ba su dace da domen ɗina ba, ga abin da za ka yi. Ana sa shi a layin TXT mai suna _dmarc. Ka fara da v=DMARC1; p=none wato a lura kawai. Bayan mako uku ko huɗu, in komai na wucewa lafiya, ka ɗaga zuwa p=quarantine, daga baya p=reject. Wanda ke aikawa ta smtp.gmail.com kada ya kuskura ya ɗaga, don saƙonsa na kansa zai fara korewa. Masu harkar Hajji da Umara su fi kowa kula da wannan, saboda damfarar "mun canza lambar asusu, ku tura nan" da sunan kamfani ake yin ta. DMARC zai tare wanda ya ari sunanka daidai, amma ba zai tare wanda ya sayi domen mai kama da naka da bambancin harafi ɗaya ba. Wannan sai dai ka gaya wa abokan hulɗa tun wuri cewa duk canjin asusu sai an ji muryarka.

Gwaji, da lokacin da ya dace a yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka canza MX a tsakiyar Ramadan ko a Zulƙida lokacin da biza da otal da tikiti ke kai-komo. Daren Alhamis ya fi, tunda Juma'a da Asabar ofisoshin nan a rufe suke, kana da kwana biyu na gyara.

Gwajin karɓa ka yi shi daga wani akwati daban. In ka aika daga Gmail ɗin da ake miƙa wa saƙon, Gmail zai ga saƙonsa ne ya dawo, ba zai nuna shi a akwatin shiga ba, ka zauna kana zargin saitin da ba shi da laifi. Ka sa wani ya aiko maka daga Outlook ko Yahoo, da takarda a maƙale.

Gwajin aikawa kuma, ka tura wa wani mai Gmail, ya buɗe a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun nan ya zaɓi "Show original". Zai ga SPF da DKIM da DMARC a jere, kowanne ya nuna PASS, kuma a gaban DKIM sunan domen ɗinka ya fito. Shafin mail-tester.com yana ba ka adireshi na wucin gadi ka aika masa, ya ba ka maki cikin 10 tare da abin da ya rage. Shafin MXToolbox kuma zai nuna maka abin da duniya ke gani a MX ɗinka. Sabon domen ba shi da suna a gari, don haka makon farko ka aika kaɗan-kaɗan ga waɗanda za su amsa. In ranar farko ka tura wa mutum ɗari biyu tallan farashin kilo, ka ɓata sunan da hannunka.

Inda kyauta ke ƙarewa

In kun wuce mutum biyar, ko wani ya dage sai Outlook, ko takardun mutane ne ke yawo a akwatin, a biya kawai. Ƙaramin tsarin kuɗi na Zoho dala 1 ne ga mutum a wata in an biya na shekara, wato bai kai riyal 4 ba kafin haraji, bai kai kuɗin ful da tamis, wato wake da gurasa, na safiya ɗaya ba, kuma yana buɗe IMAP. Mai iPhone da ke biyan iCloud+ ko da mafi ƙanƙanta ne ya riga ya sami damar haɗa domen har 5, adireshi 3 a kowanne, da yawa suna biya ba su sani ba. Proton Mail ba ta haɗa domen sai a tsarin kuɗi. Masu cewa za su kafa sabar imel a kwamfutar ofis kuwa, na roƙe su su bari: layukan gida galibi a cikin jerin waɗanda ba a karɓar saƙonsu suke, ga ɗaukewar intanet, ga tsaro.

Ko wace hanya ka bi, duk wata uku ka sauke kwafin saƙonninka. Google Takeout na ba da su a fayil ɗin MBOX, Zoho kuma tana da wurin fitarwa a cikin saiti. A tsarin da babu IMAP wannan kwafin shi ne jakar da za ka fita da ita ranar tashi.

Alhajin Bab Sharif dai mutum huɗu ne a ofishinsa: shi, ɗansa mai riƙe da lissafi, da yara biyu a wurin sikeli, ɗaya kuma duk shekara sai an canza. Hanyar miƙawa ba ta dace da shi ba, don ba ya son rasit ɗin mutane ya bi yaro gida. Muka sayi .com da katinsa, muka buɗe akwati huɗu, na shugaba a hannunsa, info@ ya zama laƙabi a akwatin ɗan. Lambobin ko-ta-kwana ya sa aka buga, ya ninke takardar ya tura cikin jakar da yake ajiye igama da fasfo. Ranar Lahadi da safe ɗan ya aika wa kamfanin jirgin takardar, aka amsa kafin azahar. Abin da ya rage mana shi ne katunan nan ɗari biyar masu ruwan zinare da aka riga aka buga da tsohon adireshi, Alhaji ya ce ba za a zubar ba, a samo sitika a liƙe.